Ranar da Kawu Ya Shiga Ɗakin Garayarka

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Baba, albishir na zo maka da shi: an buɗe ɗakin tarihinka a Dutse.

Tsofaffin 'yan amshinka ne suka gyara gidan nan da kuke gwajin wasa a ciki. Sun rataye garayarka a bango, ga malafar da kake sawa in za ka fito a sarkin noma, ga kaset-kaset ɗinka jere a kanta. Yaran yanzu har mamaki suke, wai a wasanka ba a magana, komai da waƙa ake faɗa. Miji ya nemi tuwo da waƙa, matar ta ce miya ta ƙare da waƙa. Ni kuwa dariya nake, don mu ma da waƙa kake aikenmu sayen daddawa.

Amma ka san abin da ya daɗe yana ci mini rai. Kawu Liman, yayan Inna, mai tsangaya a Aujara, tun da ka auri ƙanwarsa bai taɓa ce maka Malam ba. Mai adaidaita sahu Malam ne a bakinsa, mai facin taya Malam ne, kai kuwa kullum “mai kiɗan nan”.

Ina tuna wani taron suna a Jahun. Ka durƙusa har ƙasa ka gaishe shi, ya amsa idonsa na kan carbi. A hanyar gida ka ce mana, “Yayan uwarku ne, ko bai kula ku ba ku gaishe shi.” Da murmushi ka faɗa, amma na ga idonka, Baba. Abin ya yi maka ciwo, kuma da ciwon ka bar duniya.

Shi ya sa na je Aujara da kaina na gayyaci Kawu bikin buɗewar. Inna ta ce kada in wahalar da ƙafata, ta fi ni sanin taurin kan ɗan'uwanta. Shi ma ko kallon kirki bai yi mini ba.

Sai ga shi ranar Asabar, ranar buɗewar, yana dogara sanda. Ya daɗe a bakin ƙofa kamar wanda aka turo dole. Lokacin an kunna wasanka na shekarar fari, inda manomi ke tsaye a kan busasshen geronsa, matarsa na kuka, shi yana rarrashinta kada bakinta ya saɓa wa Allah. Kawu ya shigo ya zauna a benci. Bai motsa ba har muryarka ta ɗauke.

Can sai ya ɗaga hannuwa ya ce, “Jama'a, mu yi wa Malam fatiha.”

Wallahi, Baba, sai da na waiga ina neman malamin da yake nufi. Da na ga idonsa a kan garayarka, kuka ya ƙwace mini a gaban mutane, ban kuma ji kunya ba. Ina alfahari da kai, ina alfahari da sana'arka. Na so a ce da kunnenka ka ji.

Allah ya kai haske kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, ya sada mu a Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Uwani, 'yar Malam