Shanun da Baffa ya ɓoye

Zuwa ga yayana Ilyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya a can Agadas, Ya tsare ka a bakin aikinka. Mu nan Sae Sabuwa jiki lafiya, Fiddausi ta yaye ɗanta, amma zuciya ba daɗi, kuma gara ka ji daga bakina.

Bayan kaka mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka zo ruga tare da likitan dabbobi. Sun ce yanzu komin, wato ƙaramar hukumarmu, da kanta za ta riƙa tara kuɗin aikinta, jangalin da aka biya shi zai sayi allurar rigakafi ya gyara rijiya. Ka san Baffa Usmanu. Tun yana yaro abin da ya sani shi ne in ma'aikaci ya zo da biro, shanu su shiga daji. Yana jin ƙarar mota ya sa aka kora shanu masu kyau zuwa cikin kwari, ya tsaya da tsofaffi da ramammu yana rantsuwa su ke nan. Su aka ƙirga, su aka yi wa allura. Har dariya ya yi ranar, wai ya ci riba.

Da ciwon huhu ya shigo, na kwari ya bi. Yaya, jar saniyar da Inna ta bar maka, wadda ka ce da ita za ka dawo ka kafa gida, ta tafi da cikinta. Na yi kuka kamar ranar da muka rasa Inna. Na ji haushin Baffa, amma na fi jin haushin waɗanda suka yi shekara da shekaru ba sa zuwa sai karɓa. Ranar da suka zo da alheri, wa zai yarda?

Ranar kasuwa Baffa ya tafi meri da ƙafarsa, ya ce a zo a ƙirga, ba zai ƙara ɓoye ko maraƙi ba. Ma'aikacin ya zo, ya duba garke, ya tambaye shi ina sauran. Baffa ya sake cewa su ke nan, wannan karon bai rantse ba.

Goggo Kadi da Tahiru suna gaishe ka. Baffa ya ce kada in sa gaisuwarsa, wai ba shi da fuskar da zai gaishe ka. Na sa.

Ƙanwarka,
Salima