Daɓen da Zorka Take Ji da Shi

4 ga Afrilu

Zuwa ga Miodrag,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inga da jikoki. Yaya gwiwar? Yayarka Zorka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a Sweden ɗin doka ta hana mutum ya rubuto wa 'yar'uwarsa.

Bayan haka, albishirinka: an gama gyaran Zauren 'Yan Jirgin Ƙasa. Shekara takwas ina bin gida-gida da takarda ina neman sa hannu, har mutane suka fara tsallake titi in sun hango ni. Ka san yadda wurin ya koma. Rufi na yoyo, in ana ruwa sai an ajiye bokiti kusa da mai ganga. Banɗaki kuwa tun daga tasha hancinka zai nuna maka hanya. Lasifikan nan tun muna samari suke, jita ta shiga lafiya ta fito kamar alade a hannun mahauci.

Ranar ashirin da shida ga wata za a buɗe, su Gojko ne za su yi wasa. E, Gojkon da ka sani, mai gashi har gadon baya. Yanzu kansa kamar ƙwai, amma yatsun suna nan.

Zorka ta fi ni ɗoki. Tunda kunnenta ya mutu ba ka taɓa bin mu zauren ba, saboda haka ba ka ga yadda take yi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta jin komai, magana ma a leɓen mutum take karantawa, amma ba wasan kiɗan rok ɗin da ya taɓa wuce ta a can. Tana da wurinta, gaban lasifikar hagu. Sai ta tuɓe takalmi ta miƙo mini, ta tsaya da safa a kan katako. Tsohon daɓen nan akwai rami a ƙarƙashinsa, ganga da babbar jita suna bi ta ciki su hau ƙafarta har ƙirji. Tana riga ni gane waƙa. Na taɓa kai ta babban filin wasa a Belgrade, ta ce ita dai ta sha tsayuwa tana kallon maza suna gumi.

Shekara biyu zauren yana rufe, shekara biyu ba ta ji kiɗa ba. Har sabuwar safa ta saya.

Mijin yayarka,
Borislav

29 ga Afrilu

Miodrag,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa sanyi ya sake ku. Mu jiki lafiya. Wannan wasiƙar ba za ta bi ta hannun Zorka ba, in za ka ba da amsa ka aiko ta shagon aski na Pera.

Sun cire katakon. Sun cike ramin, sun zuba kankare, sun shimfiɗa wata leda mai zanen katako a kai. Kuma ni ne shugaban kwamiti, ni na sa hannu a tsarin aikin. Da ma tsallake shafin na yi, da na sami abin faɗa. Na karanta shi da tabarau a idona. An rubuta, za a ƙarfafa daɓe. Na ce madalla.

Ƙarfe bakwai na yamma aka fara. Zorka ta tuɓe takalmi ta ba ni. Ganga ta tashi, na ga yatsun ƙafarta suna lalube. Ta matsa taki ɗaya gaba, ta matsa gefe, ta dawo. Can sai ta fara gyaɗa kai tana murmushi. Miodrag, gyaɗawar ba ta tare da kiɗan. Da mai ganga ya tsaya, kanta bai tsaya ba, sai da ta ga ana tafi. A hanyar gida ta riƙe hannuna ta ce, "Bora, aikinka ya yi kyau, har banɗakin na leƙa." Na ce na gode.

Ranar Litinin na je wurin mai kula da zauren, Madam Slavica. Mace mai kirki, har kofi ta ba ni. Ta ce ai rawar da tsohon daɓen yake yi aibu ne, shi yake satar sauti, masana sun auna. Na roƙi a bar ni in kafa wa Zorka ɗan dandamalin katako a kusurwa, faɗin tabarmar ƙofa kawai. Ta ce dokar kashe gobara ba ta yarda ba. "Sai dai mu ba ta kujera a gaba, kawu, ta riƙa kallon fitilu." Na tambayi tsofaffin katakan, ashe tun bara maƙwabta suka kwashe suka yi ɗumi da su. Ina jin har murhun Pera ya ci.

Ni ban ce wa Zorka na gane ba, ita ba ta ce mini komai ba. Akwai wani wasan a watan Yuni, na riga na karɓo tikiti biyu. Me zan yi in ba haka ba?

Naka,
Borislav

15 ga Yuni

Miodrag, ƙanena,

Gaisuwa gare ka da iyali. Saƙonka ya iso, Pera ya karanta kafin ni, kamar yadda ya saba. Ka ce in gaya mata gaskiya. Daga nesa kowa jarumi ne a gaban Zorka. To, ta hutar da ni.

Ranar Asabar, ranar wasan, na shirya, na fito na tarar da ita a kicin tana yanka barkono. Na nuna mata agogo. Ta ce, "Tafi kai kaɗai, tsoho. Wancan karon ƙafarka nake kallo in san inda kiɗa yake, kai kuma ka tsaya ƙiƙam kana kallona. Tsofaffi biyu sun biya kuɗi sun je kallon juna." Na fara ba ta haƙuri, sai ta juya fuska ga tukunya. Ka san in ta juya, magana ta ƙare.

Na tafi. Ga abin da ya sa nake rubuto maka, don ba ni da wanda zan gaya wa. Shekara hamsin ina zuwa wasan rok, ban taɓa jin sauti irin na ranar ba. Kowace igiyar jita daban, har numfashin mawaƙi kana ji. Na yi niyyar in tsaya a baya in ji haushi. Kafin waƙa ta uku na tsinci kaina a gaba ina ihu da 'yan shekara ashirin. Na fi awa guda ban tuna da ita ba.

Da safe muna shan kofi ta tambaye ni yaya wasa. Na ce ba daɗi, sauti ya bushe. Ta ce ba ta ga bakina sosai ba, in juyo wajen taga in maimaita. Na juyo. Na kasa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, gara haka. In ba haka ba, da mu biyu ne muka yi asara."

Jiya na bi ta zauren, an liƙa sanarwar wasan Satumba. Matar da ke sayar da tikiti ta ciro biyu tun kafin in buɗe baki. Na ce ɗaya. Ta ɗago a firgice ta tambaye ni ko Zorka lafiya. Na ce lafiyarta ƙalau.

Ka rubuto mata, don Allah. Ka ba ta labarin jikoki, ko gwiwarka, ko dusar ƙanƙara. Ban da kiɗa.

Ka gaida Inga.

Naka kullum,
Borislav