Tawadar da Ta Ƙi Fita a Yatsan Baba Zalmai

Kabul, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Phulmaya,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki Hemraj, tare da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Ubangiji Ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwar nan, Ya ba ku damina mai albarka a Lamjung. Na ji daɗi da kika ce baunar da muke kiwo ta haihu lafiya. Ni ma kalau nake, ina nan cikin ɗakin wankina da dutsen guga, sai dai raina a ɓace yake. Kin roƙe ni in nema wa ɗanki Tek aiki a masaukin baƙin nan. Ki fara jin abin da ya faru makon zaɓe, sannan ki ji amsata.

Gidan ya cika da Turawa masu sa ido kan zaɓe. Aka rufe mu ciki, roka na faɗuwa bayan gari, su kuwa damuwarsu wuyan riga bai sha sitati ba. Akwai wani dattijo ɗan ƙasar mai gasa mana gurasa, Baba Zalmai, wanda ke tsokanata wai Nepal ta rasa abin aiko musu sai gajere mai wanke kamfan Turawa. Nakan ce masa gara ni, shi gemunsa ma ya ƙone a tanderu. Ranar Juma'a za a ɗaura auren 'yarsa a ƙauyensu, hanyar kuma tana hannun masu bindiga, waɗanda suka riga suka sanar cewa duk yatsan da suka gani da tawadar zaɓe za su sare shi.

Kowa ya san wannan, har manajanmu Mista Callum. Amma da safen zaɓe ya tara ma'aikata 'yan ƙasa, ya ce mota na jira ta kai su rumfar zaɓe, yana so kowa ya dawo da tawada a yi hoton da baƙi za su yaba. Baba Zalmai ya ce ranka ya daɗe, a yafe masa, tafiya gare shi. Manaja ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce shi ba ya tilasta kowa, amma gidan nan na masu ƙarfin zuciya ne. Mai iyali tara ya san fassarar wannan magana. Ya shiga mota.

Da la'asar sai ga shi a ɗakina, ya miƙo min manuniyarsa, ya ce gajere, kai da ke fitar da jan giya daga farar riga, yau ga ranarka. Yaya, babu abin da ban gwada ba. Na sa bilic, na sa lemun tsami da kananzir, na goga da dutse har fata ta saluɓe, amma tawadar ta shige gefen farce ta zauna daram. Ina kai tawul ɗakin cin abinci na tarar baƙin suna ta kumfar baki, wai a wasu rumfunan zaɓen tawadar tana fita da sabulu, wannan abin kunya ne. Wata ma ta ce ita a nan ta ga mai kyau, a hannun tsohon nan mai gurasa. Na ajiye tawul ɗin na fita.

Ranar Alhamis Baba Zalmai ya kira ni bayan kicin, ya ce in riƙe masa tsumma mai tsabta, kada in yi masa surutu. Ya karanta abin da zai karanta, ya manna yatsan a bangon tanderu. Har yanzu warin yana hancina, nama ma na kasa ci. Na ɗaure masa, ya ce to, yanzu dai mai gurasa ya ƙone, wa zai yi mamaki.

Jiya ya dawo da alewar biki a aljihu. Ya ce masu bindigar sun tsayar da motarsu, sun kwance ɗaurin, suka yi masa dariya wai tsoho bai iya sana'arsa ba, suka ce ya wuce. Ya ɗaura auren 'yarsa da yatsunsa goma, ko da yake ɗayan ba ya lanƙwasuwa. Hoton kuwa an sa shi a gilashi an rataye a ɗakin cin abinci, ga Baba Zalmai a tsakiya ya ɗaga yatsa. Manaja ya ga ɗaurin, ya ce masa ya riƙa kula da wuta, kada ya jawo wa gidan magana.

Saboda haka ba zan nema wa Tek aiki a nan ba. Ba roka nake ji masa ba, mutanen da zai ce wa ranka ya daɗe nake ji masa. Ya zauna ya yi noman gero da hannayensa lafiyayyu.

Ki gaida Inna, da Kawu Purna, da matata Sunkumari idan ta zo, ki shafa min kan ƙananan.

Ƙaninki mai kewar gida,
Hemraj Gurung