Na Sauya Kusan Komai a Kekena, Har Yanzu Hawa Yana Gagarata

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, ki kuma sakaya sunana. Abin da zan faɗa miki ko uwar 'ya'yana ban faɗa wa ba.

Shekaruna hamsin da huɗu, ina aiki a wata maɗaba'a, ni nake kula da injin yankan takarda. Shekara tara ke nan da na fara hawan keken tsere, irin mai siraran tayoyin nan da kai mai lanƙwasa. Na fara ne bayan rasuwar mahaifina, lokacin da zaman ɗaki ya nemi ya kashe min zuciya. Mu bakwai ne muke fita duk Asabar da sassafe, kuma akwai wani dogon hawa bayan gada wanda ni nake fara kaiwa samansa kullum. Shi ya sa abokan suka laƙaba min Jirgi.

Wata biyar da suka wuce na fara zama na ƙarshe a wannan hawan. Na ce tayoyi ne, na sauya su da masu laushin gudu. Na sake sarƙa. Na sa an wanke boris, ƙwallayen ƙarfen nan da wili yake juyawa a kansu, an zuba sabon man giris. Da abin bai yi ba sai na cire wili biyun gaba ɗaya na sa marasa nauyi, na sauya sirdi, na sauya feda da irin wadda takalmi yake maƙalewa a jiki. Yanzu da yatsu biyu sai ki ɗaga keken. Amma a bene muke zaune, hawa na uku, kuma idan na saɓo shi a kafaɗa sai na tsaya sau biyu a matakala, in ciro waya in yi kamar ina duba saƙo.

Satin jiya na kai wa mai gyaran kekenmu sabuwar giya mai manyan haƙora, wadda aka ce tana sauƙaƙa hawa. Dattijo ne, tun kekena na farko shi yake taɓa min. Ya hau keken ya zagaya, ya dawo ya jingine shi, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sai ya ce keken ba shi da laifin komai, kuma shi ba zai ɗaura min giyar ba sai na je asibiti, wai ya lura da yadda nake haki tun daga bakin shagonsa. A gaban mutane ya faɗa. Na ji kunya, na yi masa magana marar daɗi, na ja kekena na tafi.

Anti, gaskiyar da nake ta kewayewa ita ce: idan na kai tsakiyar hawan nan sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji, wani lokaci har ya sauko hannun hagu. Idan na tsaya minti biyu sai ya lafa. Mahaifina yana da sittin da shida ya faɗi a wurin aikinsa, bai sake tashi ba. Ina tsoron likita ya ce in ajiye keke, kuma ban san wane ne ni ba in babu shi. A gida ni Baban yara ne mai yawan shiru, a wurin aiki tsoho ne da ake jira ya yi ritaya. A kan titi ne kawai nake Jirgi.

Nan da sati uku akwai tafiyar kilomita ɗari da muka shekara muna shiri. In kai giyar wurin wani mai gyaran ya ɗaura min, in lallaɓa in gama, sannan in je asibitin? Kuma shi dattijon nan, bai shiga hurumin da ba nasa ba?

Naki,
Na Ƙarshe a Hawa

*

Ɗan'uwa Na Ƙarshe a Hawa,

Na gode da ka amince min, kuma zan fara da keken, tunda shi ka sa a gaba. Na tambayi masu harkar. Sun ce ka bi tsari mai kyau: tayoyi su ne farkon abin da ake jin bambancinsa, sai sarƙa mai tsabta, sai daidaita tsayin sirdi. Sun kuma ce rage wa keke nauyi kaɗan ba ya mayar da na ƙarshe na farko, 'yan daƙiƙoƙi kawai yake ragewa. Giya mai manyan haƙora kuwa ba abin kunya ba ce ga kowa. Da gajiyar shekaru ce kawai take damunka, da na ce ka ɗaura ta gobe.

Amma wata biyar ke nan ka bar jaki kana dukan taiki. Nauyin ƙirji da yake zuwa da wahala, ya sauka hannu, ya lafa da hutu, ga kuma tarihin mahaifinka, alamu ne da likitoci ba sa wasa da su. Ni ba likita ba ce, ba zan ce maka ga abin da kake da shi ba. Abin da na sani shi ne giyar nan za ta rage maka jin ciwon ne kawai, har ka kai inda babu asibiti kusa. Saboda haka ba na goyon bayan tafiyar kilomita ɗarin, ko fitar Asabar mai zuwa, ko saɓa keke a matakala, sai likita ya duba zuciyarka. Ka je cikin kwana biyun nan, ka faɗa masa komai yadda ka faɗa min. Idan ciwon ya zo kana zaune, ko ya ƙi lafawa, a kai ka asibiti nan take, kada ka jira wayewar gari kuma kada ka tuƙa kanka.

Tsoronka na fahimce shi, ba ƙarami ba ne. Ba zan yi maka alkawarin abin da likita zai ce ba. Sai dai mutane da yawa da aka gano matsalarsu da wuri sun koma motsa jiki da izinin likitocinsu, wasu ma shi aka umarce su da yi. Wanda ya je da ƙafarsa yana da zaɓin da wanda aka ɗauko ba shi da shi.

Ka faɗa wa matarka yau, kafin ka je. Macen da take jin takunka a matakala kullum ta san inda kake tsayawa, wataƙila jira take ka buɗe baki. Ku tafi tare. Abokan hawanka ma su sani. Shekara tara tana da haƙƙi.

Shi kuwa dattijo, ya yi kuskure da ya faɗa a gaban mutane, wannan na ba ka gaskiya. Amma ya ga aiki a hannu ya ƙi karɓa saboda ranka ya fi masa. Irin wannan mutumin ba a sauya shi. Ka je ka ba shi haƙuri, ka bar masa giyar ya ajiye maka har ka dawo da maganar likita.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa a gano abin da sauƙi, ya bar ka da iyalinka shekaru masu yawa.

Taka,
Anti