Irin Nonon Rakiyatu

New Bell, Duwala
Yuni, 1991

Zuwa ga Maman Kausar,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da jaririnmu da su Inna a Garwa. Yaya ƙarfin jiki? Mu dai, ni da Kausar, sai kewa.

Garin nan ya yi tsit. Yajin da suke kira vil mot ya rufe kasuwanni, ko a mahaɗar Ndokoti babu mota. Na rufe keken ɗinkina, na zama makiyayin irin nonon da kika bar mini amana a ƙaramar tukunya. Maƙwabcinmu Mahdi, mai aikin gwajin jini, ya ce wasu halittu ne a ciki da ido ba ya gani, su ke sa madara ta yi kindirmo. Wai idan yunwa da tsami suka yi musu yawa, da kansu suke fasa cikinsu su mutu. Tun daga nan, in na gyangyaɗa da rana, sai in ga fararen shanu ƙanana kamar ƙura suna kiwo a tukunyarki, ke kuma kina tafe a bayansu cikin hazo.

Mijinki,
Ɗanlami

Agusta, 1991

Maman Kausar,

Bayan gaisuwa, ina fatan yaro ya daina kukan ciki.

Madara ta yanke, mai ƙanƙara ma ya daina zuwa. Irin ya fara tsinkewa, ruwa a sama. Gwangwanin madara guda ya rage, ga Kausar tana kallonsa. Mahdi ya ce gara a sa halittun nan barci kafin su hallaka kansu. Na ɗibi cokali, na gauraya da irin da ɗan sukari, na shafa a farin ƙyalle mai tsabta, na shanya a inuwa. Ragowar na dama wa yarinya. Tukunyarki yanzu wayam. Ban sani ba ko barci suke ko sun tafi.

Naki,
Ɗanlami

Disamba, 1991

Rakiyatu,

Ina gaishe ki da kyau, a shafa mini kan yaro.

An buɗe hanya. Na samo madara a kasuwar Nkololoun, na dafa, ta huce, na jiƙa ƙyallen a ciki na rufe. Da safe na kasa buɗewa, sai da na yi bisimilla. Ya kama, Rakiyatu, har cokali na tsayawa.

Na ba Kausar ta ɗanɗana. Ta ajiye kofin, ta ruga bakin ƙofa tana kiran Mama. Har yanzu tana can zaune.

Ki hau jirgin farko.

Mijinki mai jira,
Ɗanlami