Gayyar Gonar Malam Idi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya iyali, ya yara, ya zaman Ikko? Mu nan Mawashi sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tuna Malam Idi, wanda ya zo daga Maraɗi tun Baba na da rai? Ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina, ciyawa ta kusa cinye masa gero. Da na ce mu kira masa gayya, sai Ɗanlami maƙwabcinmu ya ce gayya ta ɗan gari ce, shi kuwa baƙo ne. Liman ya dube shi ya ce, "Matarsa da 'ya'yansa biyu suna kwance a maƙabartarmu. Wanda ƙasarmu ta rufe nasa, wa zai kira shi baƙo?" Washegari muka nome gonar, har da Ɗanlamin.

Tun ranar kai nake ta tunani. Su can, me suke kiranka bayan shekarun nan?

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa. Kuma don Allah ka zo da Sallah, domin jiya 'yata ta tambaye ni yaushe baƙon nan na Ikko zai dawo.

Ƙanenka,
Musa