Kofaton Saniya a Bakin Wuƙa

Litinin, 26 ga Fabrairu, 2001

Ni Saje Bubayero. Aji uku na yi a sakandare, na shiga soja ba da wasiƙar kowa ba. Laberiya, Somaliya, na dawo da ƙafafuna. Gidan nan na Takur, bulo ɗaya wani bai ba ni ba. Motocin haya biyu a hanyar Jahun. Yau kuma ɗan cikina, Saifuddeen, shi zai koya mini addini saboda wuƙa.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Mu bakwai muka haɗa sa na layya. Malam Jaji, limaminmu, ya ce ni zan yanka, da lanƙwasasshiyar wuƙar nan da nake cika baki da ita. Na ce yanka zan yi, amma ba da ita ba.

Sai da na yi musu bayani kamar yara. Kukuri sunanta. Wani kofur ɗan Nepal, Gurung, ya ba ni a Mogadishu, da sansaninsu ke jikin namu. Gajere, bai kai kafaɗata ba. Kakansa ya yi wa Ingila yaƙi a Bama, inda mahaifina ma ya yi. Ubansa kuma a Malaya ya yi nasa. A duwatsunsu, in ji shi, yaro yakan goya kwandon duwatsu ya hau tudu a guje don Bature ya ɗauke shi soja. Shi Gurung Bature ya ƙi ɗaukarsa saboda haƙori ɗaya, ya shiga sojan ƙasarsu.

Kusa da ƙotar akwai 'yar tsaga. Ya ɗora yatsana a kai, ya ce kofaton saniya ne, kada wuƙar ta taɓa jinin shanu. Na ce na ɗauki alkawari. Shi ke nan.

Malam Jaji ya yi dariya. Wai, "Saje, kai Bafulatani, mai bautar saniya ne zai koya maka darajar nagge?"

Alhamis, 1 ga Maris

Har a tasha ana ce mini Sajen Indiya. Nepal ma ba su san ta ba.

Asabar, 3 ga Maris

Saifuddeen, kansa a ƙasa, bakinsa ba a ƙasa ba: "Baba, yanzu shari'a ake. Alamar gunki ce a gidanmu." Na ce shari'ar ce ta ce a ci amana? Ya ce alkawarin da aka yi kan shirka ba alkawari ba ne.

Ni ban ce saniya Allah ce ba. Na ce na yi wa mutum alkawari.

Indo, matata, ta ce in bar yaro, ƙuruciya ce. Uwa.

Litinin, 5 ga Maris

Sallah. Na dawo daga idi na tarar an kayar da san. Wuƙata a hannun ɗana. Jiya ashe ya kai wa Sale maƙeri, aka goge tsagar da magagari, ƙarfen ya yi sumul. Jan farko ta raba maƙogwaro. Mutane na ta yaba kaifi, Malam Jaji na cewa, "Ka gani, ta musulunta."

Kasona na ce a kai wa maƙwabta.

Talata, 6 ga Maris

Tuwo da miyar kuka, ba nama. Ba don komai ba, cikina ne.

Juma'a, 9 ga Maris

Ban san ko Gurung na raye ba. Adireshi bai ba ni ba, ni ma ban tambaya ba. Ba zai taɓa jin labarin nan ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da zai ji, da na samu wanda zan kalla in ce ba ni ba ne.

Yaron ya gaishe ni da safe. Na amsa.

Lahadi, 11 ga Maris

Na je maƙera. Sale ya fara rantse-rantse, wai an ce masa ni na aiko. Na ce ajiye wannan, mayar da tsagar. Ya ce ƙarfen zai rage. Na ce ya rage.

Wata rana Saifuddeen zai gaje ta, ba ni da wani namiji. To ya gaje ta da rubutu. A buga a jikin ƙarfen, manyan baƙaƙe, yadda magagari ba zai ci ba: SAJE BUBAYERO. Sunan Gurung a saman nawa, don tasa ce tun farko, ba don wani abu ba. Amma nawa kada a rage harafi ko ɗaya.